Ruwan da Ba Ya Jiƙa Zani

Ina zaune a rumfata a kasuwar kifi ta Haɗeja, ina duba wasu kwalaye na bandar tarwaɗa da suka iso daga wajen Guri, sai maƙwabcin rumfata ya miƙo mini wayarsa. Mutum ne da muka daɗe muna zama kafaɗa da kafaɗa, kuma ban taɓa ganin ya miƙo mini abu bai haɗa da tsokana ba. Ran nan bai ce uffan ba. Shirunsa ne ya sa na goge hannuna a jikin buhu na karɓa.

Bidiyo ne. Wani ɗaki ne mai farin fenti, an ture kujeru jikin bango. A tsakiya ga wata yarinya tsaye cikin hijabi, an ɗaura mata wani abu kamar ƙaramin akwati a fuska, ya rufe idanunta ruf. Ta ɗan tsaya cak. Can sai ta sunkuya ta cire takalmanta, ta ɗora su a ka, ta dafe da hannu ɗaya. Ta sa ɗaya hannun ta tattare zaninta har gwiwa, ta fara jan ƙafa a hankali a kan busasshen siminti, tana lalube da babban yatsa. Ana jin dariyar samari. Wani ya ce, "Sun zo! Wallahi mutanenta sun zo!"

Ban buƙaci ganin fuska ba. Ni na sayo takalman nan da hannuna.

'Yata ce, ta uku a cikin 'ya'yana. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa ba na kama sunanta, sai dai in ce Uwata. Tana shekara ta biyu a wata makarantar koyon aikin lafiya mai zaman kanta a nan cikin gari.

Maƙwabcina ya ce, "Tun jiya yake yawo. Na ce gara ka gan shi a hannuna da ka gan shi a hannun wani."

Na miƙa masa wayarsa, na ce na gode. Na ƙarasa duba kwalayen nan kaf, don ban yarda kasuwa ta ga na tashi a firgice ba. Sai da na ɗaure na ƙarshe na hau babur na nufi gida.

Ni ɗan fadama ne. A wani ƙauye can bayan Kirikasamma aka haife ni, inda rabin shekara hanya ke zama kogi. Mahaifina masunci ne. Ban yi boko ba, kuma sana'ar nan da kwando ɗaya a bayan keke na fara ta. A ƙauyenmu duk yaron da ya tasa sai ya yi fitsarin jini, har muna yi wa wanda bai fara ba dariya wai bai zama namiji ba. Sai da na girma, ciwon mara ya kwantar da ni, na san cewa cuta ce ana ce mata tsargiya, kuma a ruwan da muke wanka muke kwaso ta. Saboda haka ranar da Uwata ta ce aikin lafiya take so, ban yi shawara da kowa ba, na ce ta je. Yayana, wanda shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, bai so ba. Ya faɗi tasa, na saurara, na kai ta.

Na tarar da ita a ɗakin uwarta, ta juya fuska jikin bango. A nan na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Ban tambaye ta komai ba, na hau ta da faɗa.

"Karatun ke nan? In sa ki a makaranta ki je ki ɗage zani a gaban ƙartin maza? Rawa aka ce ki yi musu?"

Uwarta ta ce, "Malam, ka dai bari ta yi magana."

"Me za ta ce? Ai na gani da idona."

Sai Uwata ta juyo. Idanunta sun kumbura, amma muryarta ba ta rawa. Ta ce, "Baba, ba ka gani ba. Abin da suka gani ka gani. Ni ruwa na gani."

Ta yi mini bayani. An kawo musu wasu na'urori guda shida, ɗalibai suna ce musu tabarau. In ka ɗaura a ido, ajin sai ya ɓace, ka tsinci kanka a wani wuri dabam, duk inda ka juya kai kana ganinsa kamar kana tsaye a cikinsa. Darasin tsargiya aka saka musu. Ranar Asabar ce, ba a sa kayan makaranta, kowa da kayan gida ya je. Ita ce mace ta farko da malamin ya kira. Tana ɗaurawa sai ga ta a bakin wani kogi, aka ce ta shiga ta nemo ƙananan katantanwar da ke ɗauke da cutar a gindin ciyawa.

Ta ce, "Ruwa ya kawo mini ƙauri. Ban san lokacin da na cire takalmi ba. Baba, ku kuka koya mini. Duk hutun da muka je ƙauye haka muke ƙetarewa."

Gaskiya ce ta faɗa. Amma zuciyata ba ta karɓa ba. Ina ruwa a cikin aji?

Ta ce, "Ba zan ƙara sa shi ba. Ko za a yanka ni."

"To kar ki sa. Dole ne?"

"Dole ne. Sati biyu ya rage a yi jarrabawar gwaji, kuma da shi za a yi. Wanda bai yi ba ba zai wuce aji na gaba ba. Matan ajinmu duk sun ce ba za su sa ba, tunda sun ga abin da ya same ni. Wasu iyayensu sun ce su zauna a gida."

A nan na gane girman abin. Maganar ta wuce kunya. Karatun yarinyar nan ne gaba ɗaya ke shirin zubewa a kan bidiyon da bai kai minti ɗaya ba.

Bayan la'asar Yaya ya zo. Bai shiga ciki ba, a zaure ya zauna, ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa.

Ya ce, "Ka ga abin da na gaya maka ko?"

"Na ga bidiyo, Yaya."

"A masallaci aka nuna mini. A masallaci! Ni da furfurata. Yarinya tana tafiya kamar wadda ake ja da igiya. Wannan ai ba sai an gaya wa mai hankali ba, iska ce. An ce abin nan in an ɗaura wa mutum wata duniya yake shiga. Wace duniya ce ban da ta aljanu?"

"Ta ce ruwa ta gani."

"Yauwa! Su kuma mutanen ɓoye ina suka fi zama? Ba a ruwa ba? Kai ɗan masunci ne, ni zan koya maka wannan?" Ya gyara zama. "Abu biyu na zo da su. Gobe zan turo malami ya yi mata ruƙiyya. Sannan makarantar nan ta ƙare. Ta zauna a gida har ƙurar ta lafa."

Ni mutum ne da ba ya ja da Yaya a gaban mutane. Shi ya riƙe mu bayan mahaifinmu, shi ya ara mini keken da na fara fatauci da shi. Amma akwai abu ɗaya da sana'a ta koya mini wanda ba na sakinsa saboda kowa. Kwalin kifi yana da fuska. Mai kaya yakan jera manya masu sheƙi a sama, ko kuma rana ta bugi na saman su yi muni alhali na ƙasa lafiya lau suke. Wanda ya yi ciniki da fuska, ko ya saya ko ya ƙi saya, wawa ne. Sai ka zura hannu har gwiwar hannu, ka zaro na ƙasa, ka karya, ka sansana. Ni kuwa fuskar wannan al'amari kawai na gani.

Na ce, "Yaya, addu'a ba ta yi wa kowa yawa. Malami ya zo ya yi mana gaba ɗaya, har da ni. Amma maganar barin makaranta, ka ba ni zuwa jibi. Ba na cinikin biri a sama. Zan je in sa abin nan a idona."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Kai? Da girmanka?"

"Da girmana."

"To in suka kama ka, wa zai riƙe gidan?"

"Ai kana nan, Yaya."

Bai yi dariya ba. Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita.

Ranar Litinin da hantsi na sa babbar riga na tafi makarantar. Uwata ta ƙi bi na. Aka kai ni wajen malamin da ke kula da na'urorin, wani matashi siriri mai gilashi. Yana jin ko ni wane ne sai ya fara ba da haƙuri, yana cewa an hukunta yaron da ya ɗauki bidiyon. Daga harshensa na ji Bakatsine ne, sai na samu ƙofa, don tsakaninmu da su akwai wasa.

Na ce, "Ashe kai ne. To ai dole. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na buta ba, shi aka ba wa kogi ya koyar da 'ya'yan Haɗejawa."

Ya yi dariya, ya ɗan saki jiki. Ya ce, "Alhaji, ai gara mu. Ku da kuke da kogin, ga shi na hoto ma ya kore ku daga aji."

"Ɗauko shi in gani."

"Kai za ka sa?"

"Ba kallonsa na zo yi ba."

Ya so ya kai ni ofishinsa mu yi mu biyu. Na ce a'a, inda aka sa wa 'yata nan za a sa mini, kuma a gaban waɗanda suka kalle ta. Muka shiga ajin. Samari sun fi ashirin, mata kuwa ba su fi biyar ba, sun takure a baya. Na san sun gane ni.

Na juya abin a hannuna tukuna. Roba ce mara nauyi, da maɗauri irin na hular kwano, da gilasai biyu a ciki. Na sansana shi, wasu suka yi ƙaramar dariya. Ban ji komai ba sai warin zufar mutane. Na ce a raina: kai, ka ga siminti, ka ga bango, ka ga fanka. Babu ruwa a ɗakin nan. Duk abin da za a nuna maka, ka tsaya ƙyam kamar turke. Na yi bisimilla, malamin ya ɗaura mini a ƙasan hula.

Da farko duhu. Sai haske ya buɗe.

Ban san yadda zan gaya wa wanda bai sa ba. Ba kamar talabijin ba ne, da kake zaune kana kallon abu a can. Ina tsaye ne a bakin gaɓa. Na ɗaga kai, ga sama da gajimare. Na waiwaya, ga hanya ta bi cikin gonaki, ba bango, ba ɗalibai. Ga ƙarar ruwa yana lasar gaɓa, ga kukan tsuntsaye can nesa. Ruwan ja-ja ne irin na farkon damina, wanda ba ka ganin ƙasansa. Malamin yana magana daga wani wuri kamar daga bayan katanga, yana cewa in matsa gaba, katantanwar tana gindin ciyawar can.

Na tuna na ce wa kaina babu ruwa. Na kuma tuna na ga ruwan ya taɓo ƙafata. Abin da ya faru tsakanin waɗannan biyun ban san shi ba. Na dai shiga, na kai ga ciyawar, na ga katantanwar manne a jikin kara, ƙanana, irin waɗanda muke wasa da su muna yara. Daga nan aka nuna wasu tsutsotsi sirara suna fitowa daga cikinsu, suna iyo, suna huda fatar ƙafar mutum. Sai aka ja ni na bi su cikin jijiya har mafitsara, na ga inda suke zuba ƙwai, na ga inda jinin ke tsattsafowa. Ciwon da na sha shekaru ina fama da shi, ran nan na fara ganin fuskarsa.

Malamin ya kwance maɗaurin. Aji ya dawo.

Na dubi kaina. Takalmana suna hammata. Wandona a naɗe yake har gwiwa, ƙafa biyu. Babbar rigata na tattare ta na saɓa a kafaɗa. Wayata kuwa ba ta aljihu, tana cikin hulata a kaina, inda duk ɗan fadama ke sa abin da ba ya so ya jiƙe. Na bar inda na fara tsayawa da taku huɗu, kuma ga sawun jan ƙafata a kan ƙurar siminti.

Ba wanda ya yi dariya. Sun so su yi, na ga kumatu suna motsi, amma furfura ta hana su. Can gefe na hango wani saurayi yana tura waya ƙarƙashin littafi.

Na ce, "Kai, mai jar riga. Ka ɗauka?"

Ya ce, "A'a, Baba, wallahi..."

"Kar ka yi rantsuwa a kan ƙarya. Ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba?"

Ya sunkuyar da kai. Malamin ya yunƙura zai ƙwace wayar a goge, na tare shi. Na ce, "Bar shi. Tura mini. Kuma duk wanda ka tura wa na 'yata, ka tura masa wannan. In ka tsallake mutum ɗaya ban yafe ba."

Sannan na juya ga sauran, ban ko sauke wandon ba. Na tambaye su wa ya taɓa ƙetare ruwa da ƙafa zuwa gona ko kasuwa. Hannu kaɗan ne suka tashi. Na ce, "To ku da kuka tsaya ƙyam da aka sa muku, ba wayo kuka fi ta ba. Ba ku san ruwa ba ne. Wanda ya shiga ruwan fadama da takalmi, laka ta cinye shi. Wanda ya ɗaga ƙafa ya taka, ya faɗa rami ko ƙayar kifin kurungu ta soke shi. Ja ake yi. Ranar da aka tura ku aiki ƙauye da damina, wadda kuka yi wa dariya ita za ku riƙe wa gefen hijabi."

A waje na gaya wa malamin ra'ayina a kan kayansa, yadda zan gaya wa duk wanda ya kawo mini kaya. Na ce abin yana da kyau, ya nuna mini abin da bakin likita bai iya nuna mini ba. Amma wanda ya ƙera shi bai yi tunanin mutanen da jikinsu ya san ruwa ba, shi kuma da ya karɓa bai yi tunanin 'ya mace ba. Ka rufe wa yarinya ido a tsakiyar maza, kowa na ganinta ba ta ganin kowa, kowa da waya a hannu, sannan ka yi mamaki don ta ƙi? Ya ce gaskiya ne, bai kawo wannan a ransa ba, shi hankalinsa na kan kada na'urar ta faɗi ta fashe.

Kafin azahar bidiyona ya riga ni isa kasuwa. Ina sauka daga babur wani mai sayar da karfasa ya ɗaga murya, "A ba shi hanya, jama'a, Sarkin Ruwa ya iso! Alhaji, yaya ambaliya? Ta ci gonaki?"

Na ce, "Ta ci, har da ta ubanka."

Maƙwabcina ya dawo da halinsa. Ya ce, "Ni wayar nan a hula ce ta kashe ni. Ka ji tsoron kar masu sayen kifi su kira ka daga Kudu su ji ka a ƙarƙashin ruwa?"

Na bar su suka yi ta yi. Duk wanda ya zo da dariyarsa sai in karɓi wayar in nuna masa da kaina, in ce ya dubi ƙafata da kyau, ya gaya mini ko shi da wata tafiyar zai yi. Yawancinsu 'yan fadama ne irina. Sai ka ga mutum ya bar dariya ya ƙura ido, ya ce, "Kai, wallahi haka ake yi." Wani tsoho mai fito da kwalekwale har cewa ya yi naɗin wandona bai yi ba, da ruwan gaske ne da ya warware tun a taku na biyu.

Na koma gida ina jin na gama aiki. Na miƙa wa Uwata wayar. Ta kalla har ƙarshe, uwarta na leƙe ta bayanta tana toshe baki da mayafi. Na ce, "To, kin gani. In aljanu ne, mu biyu suka kama. Gobe sai makaranta."

Ta ajiye wayar. Ta ce, "Baba, na gode. Amma ba ɗaya ba ne."

"Me ya raba?"

"Kai namiji ne. Kai an ce maka Sarkin Ruwa, kun yi dariya, an tashi. Ni ka san abin da ake rubutawa a ƙarƙashin nawa? Ƙaurinka ba abin magana ba ne a garin nan. Nawa kuwa abin magana ne."

Na zaci na biya mata abin da aka ɓata, ashe rabi na taɓa. Na zauna a bakin gado na ce, "To me kike so a yi? In kin ce kin bar karatun, ba zan tilasta ki ba. Amma ki sani ba Yaya ne zai cire ki ba, ba kuma masu waya ba. Ke ce za ki cire kanki."

Sai ta ce in ara mata wayata, nata katin ya ƙare.

Kwana uku tana kiran matan ajinsu ɗaya bayan ɗaya. Wasu ta bi su har gida, uwarta ta raka ta. Ban sa baki ba, ba a kuma nemi in sa ba. Abin da na sani shi ne ranar Alhamis su tara suka shiga ofishin shugaban makarantar da takarda a hannu. Sun ce za su sa tabarau, amma bisa sharaɗi. Mata su yi nasu su kaɗai, da malama mace a ɗakin. A tara wayoyi a kwando a bakin ƙofa, har da ta malamai. Duk wadda ta sa, 'yar'uwarta ta tsaya a bayanta ta dafa mata kafaɗa, don ta san ba ita kaɗai ba ce a wurin. Shugaban ya yarda da na wayoyi da na dafa kafaɗa nan take. Sharaɗin raba aji kuwa, ya ce ba su da isassun malamai. Suka ce to su ma ba su da isassun idanun da za su ga mai kallonsu in an rufe musu fuska. Aka yi ta ja har washegari, sannan aka samo wata malamar ungozoma ta karɓi aikin.

Ba duka suka dawo ba. Biyu iyayensu sun hana, har yau suna gida, kuma ɗaya daga ciki an ce ta fi kowa ƙoƙari a ajin. Wannan yana ci mini rai.

Malamin ruƙiyya da Yaya ya turo ya zo, mutumin kirki. Ya yi mana addu'a, ya yi wa Uwata tambayoyi, ya sha fura, ya ce shi bai ga komai a jikin yarinyar nan ba sai ɓacin rai. Yaya ya ce malamin yaro ne, bai san aiki ba. Ya aiko mini cewa tunda na zaɓi in mai da kaina abin dariya a kasuwa, in ci gaba, amma kada in ƙara kawo masa shawarar gidana. Na aika masa da tarwaɗa mai kyau guda shida, na ce a gaya masa na ji. Ya dawo da su.

Ranar jarrabawar ni na kai ta da kaina. Na zauna a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a harabar makarantar, na bar rumfa a hannun maƙwabcina. Ta tagar ajin ba a ganin komai, sun sa labule. Kwandon wayoyi yana bakin ƙofa, malamin nan Bakatsine yana zaune a kan kujera yana gadinsa kamar mai tsaron kaji.

Na ce, "An kore ka daga kogin naka ke nan?"

Ya ce, "An kore ni, Alhaji. Yanzu na zama kamar mai jiran takalma a ƙofar masallaci."

Wajen awa biyu suka ɗauka. Da ta fito, maɗaurin ya bar mata shaida a goshi da gefen ido. Na tambaye ta yaya. Ta ce ta samo katantanwar duka, ta kuma amsa tambayoyin, sai dai akwai ɗaya a kan magani da take shakka. Sakamako sai wani satin. Ban tambaye ta ko ta cire takalmi ba, ita ma ba ta faɗa ba.

A hanyar gida dole mu bi ta ƙofar gidan Yaya. Yana zaune a dakali da mutum biyu. Na yi niyyar in ɗaga hannu in wuce, sai ta taɓa bayana ta ce, "Baba, tsaya."

Ta sauka, da fararen kayan makarantarta da jakarta. Ta je ta durƙusa a gabansa har ƙasa.

"Baffa, ina wuni."

Ya dubi gefe. Mutanen da ke tare da shi suka amsa a madadinsa.

Ba ta tashi ba. Ta ce, "Baffa, daga makaranta nake. Na sa abin nan yau ma, na yi jarrabawa da shi. Na ce gara ka ji a bakina. Gobe ma da ƙarfe takwas zan koma. Ka sa mini albarka."

Yaya ya ja carbinsa, ƙwaya ɗaya, biyu, uku. Ya dube ni a kan babur, na dube shi, ban kawar da ido ba. Sannan ya dubi ƙasa ya ce, "Allah ya shirya."

Ta ce, "Amin, Baffa," kamar ya ba ta duniya. Ta tashi ta kaɗe gwiwarta, ta hau bayana. Mun ɗan yi nisa ta ce in bi ta bakin kasuwa, tana son sayen biro, nata ya ƙare a tsakiyar jarrabawa sai da ta ari na wata.